Matt Busby: Dattijon Katolika da Aka Damƙa wa 'Ya'yan Mutane

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau birnin Manchester na ƙasar Ingila za mu nufa.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo a Kano ko Jos ko Maraɗi ranar da Manchester United ke wasa, ya san yadda gardama ke kaurewa. Amma a cikin samarin nan masu jar riga, kaɗan ne za su iya gaya maka sunan titin da filin Old Trafford yake a kai. Tun 1993 ake kiransa Sir Matt Busby Way. A gaban filin kuma akwai mutum-mutumin wani dattijo sanye da kwat, ya riƙe ƙwallo a hannu. Shi ne mutuminmu na yau. Ya shekara 84 a duniya, ya ga jikokinsa, kuma tun yana yaro har ya koma ga Mahaliccinsa bai yi sakaci da abu biyu ba: majami'arsa ta Katolika da filin ƙwallo.

An haifi Matt Busby ranar 26 ga Mayu, 1909, a Orbiston, wani ƙauyen masu haƙar kwal kusa da garin Bellshill a Sikotland. Gidansu ɗaki biyu ne, irin wanda kamfanin ma'adinai ke bai wa leburorinsa. Bai cika shekara 8 ba aka kashe mahaifinsa a fagen daga na Arras da ke Faransa, a watan Afrilun 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yaƙin nan bai tsaya a kan uban ba, ya haɗa da wasu 'yan'uwan iyayensa maza uku. Sai ga yaro ya zama shi kaɗai ne namiji a ɗakin uwarsa, ga 'yan'uwansa mata uku. Da ya tasa shi ma ramin kwal ya shiga.

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan tsaya a kan maganar addini, don in ba a fahimce ta ba, ba za a fahimci mutumin ba. A yammacin Sikotland na wancan zamani, 'yan Katolika yawancinsu zuriyar baƙi ne da yunwa da talauci suka koro daga Ailan. Su ne marasa rinjaye, su ne ke aikin ƙarfi, kuma akwai ma'aikatun da sunan makarantar da ka yi kaɗai ya isa a hana ka aiki, saboda daga sunan ake gane ɗariƙarka. Rabuwar ta kai har filin wasa. Wani malamin Katolika, Brother Walfrid, shi ya kafa ƙungiyar Celtic a Glasgow a 1887 don a samu kuɗin ciyar da 'ya'yan talakawa. Abokiyar hamayyarta Rangers kuwa, ta shafe shekaru masu yawa ba ta ɗaukar wanda aka san ɗan Katolika ne, sai a 1989 da ta sayi Mo Johnston, kuma har a lokacin sai da wasu magoya bayanta suka yi bore. A cikin wannan yanayi Busby ya girma. Ya san ɗacin a ware ka saboda inda kake ibada, kuma za ku ji yadda ya yi da wannan sani da girma ya zo hannunsa.

Uwarsa ta ƙudura niyyar kwashe su zuwa Amurka, ana jiran takardun tafiya sai Manchester City ta ɗauke shi a watan Fabrairun 1928, a kan fam 5 a mako. Eh, daidai kuka ji, City na ce. Mutumin da ya gina United, a City ya fara, ya ci mata kofin FA a 1934 da suka doke Portsmouth da ci 2 da 1. A 1936 kuma Liverpool ta saye shi fam 8,000, har ya zama kyaftin ɗinta. Bai taɓa buga wa United wasan gasa ko ɗaya ba. Wannan sai ku adana, ku kai wa abokan gardamarku.

Ta hanyar majami'a aikin United ya same shi. Akwai wani tsoho mai suna Louis Rocca, ɗan asalin Italiya, da ke farautar 'yan wasa wa United. Sun san juna a wata ƙungiyar 'yan wasanni mabiya Katolika a Manchester. A ƙarshen 1944, Busby yana aikin soja, Rocca ya rubuta masa wasiƙa cewa akwai aikin da ke jiransa. A watan Fabrairun 1945 ya zauna da shugaban ƙungiyar, James Gibson, ya gindaya sharuɗɗan da ba a saba ji ba a lokacin: kwantiragin shekara 5, kuma shi zai zaɓi masu buga wasa, shi zai saya ya sayar, shi zai shiga fili ya horar da su da kansa. A zamanin nan daraktoci ne ke tsoma baki a komai, manaja kuwa yana ofis da kwat da hula.

Abin da ya tarar ba abin sha'awa ba ne. Jiragen yaƙin Jamus sun ragargaza Old Trafford da bama-bamai a watan Maris na 1941, ana bin ƙungiya bashi, har 1949 haya suke yi a filin City na Maine Road. Abu na farko da ya yi shi ne kiran wani mutumin Wales da ya haɗu da shi a Bari ta Italiya lokacin yaƙi, ya ji yana yi wa sojoji bayanin ƙwallo: Jimmy Murphy, shi ma ɗan Katolika mai riƙo. Ku riƙe wannan suna. Kofin FA ya zo a 1948, kofin lig a 1952, karon farko tun 1911.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu muka zo inda nake so mu daɗe.

Da 'yan wasansa na farko suka fara tsufa, Busby bai shiga kasuwa da jakar kuɗi ba. Ya baza mutanensa makarantu da unguwanni, a Ingila da Ailan, suna nemo yara 'yan shekara 15 da 16. Kuma ɗaukar yaro a wurinsa ba sa hannu a takarda ba ne kawai. Ana zuwa gidansu, a zauna da uwa da uba, a sha shayi, a ba su tabbacin inda yaron zai kwana da wanda zai kula da shi. A Manchester an tanadi gidajen wasu iyaye mata da ke karɓar yaran, su ciyar da su, su san lokacin fitarsu da na dawowarsu. Busby ya san sunan kowane yaro, ya san sunan uwarsa, haka mai wankin riguna da mai gadin ƙofa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha faɗin cewa ba ya ɗaga murya. In ka yi laifi zai kira ka ofis, yana zuƙar lofensa, ya yi maka magana a hankali, ka fito kana jin gara ma da ya zage ka.

A ganina nan addininsa yake. Mutane da yawa in ana maganar riƙon addinin mamaci, sai a ce ba ya fashin ibada, a tsaya nan. Gaskiya ne Busby ba ya wasa da zuwa Misa. Amma abin da ya fi nuna imaninsa shi ne yadda ya ɗauki ɗan wani a matsayin amana. Marayan da ya rasa uba yana ɗan shekara 7, shi ya zama uban 'ya'yan mutane.

Kuma bai ware ba. A Manchester an daɗe ana kallon United a matsayin ƙungiyar 'yan Katolika 'yan asalin Ailan, har wasu na gunagunin cewa akwai fifiko. To amma ku dubi waɗanda ya fi ji da su. Duncan Edwards, wanda ya fara buga wa manya wasa yana ɗan shekara 16 a 1953, ba ɗan Katolika ba ne. Mai tsaron gida Harry Gregg ɗan Furotesta ne daga Ailan ta Arewa. George Best, wanda daga baya ya fi kowa ba shi ciwon kai kuma ya fi kowa samun afuwarsa, daga gidan Furotesta na Belfast ya fito. Mutumin da ya taso ana nuna wa ɗariƙarsa wariya, da ya samu iko bai rama a kan 'ya'yan wasu ba.

Yaran nan suka ci kofin matasa na FA sau 5 a jere, daga 1953 zuwa 1957. 'Yan jarida suka laƙaba musu suna Jariran Busby. A 1956 suka ɗauki kofin lig da ratar maki 11, matsakaicin shekarunsu 22, suka sake ɗauka a 1957.

Sai maganar Turai ta taso. An fara gasar Kofin Turai, wadda yau muke kira Kofin Zakarun Turai, a 1955. Hukumar lig ta Ingila ba ta so, har ta hana Chelsea shiga. Busby ya ƙi bin wannan umarni, ya kai United a 1956, suka lallasa Anderlecht ta Beljiyam da ci 10 da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Real Madrid ta fitar da su. Hukumar ta tsaya a kan cewa tafiyar Turai ba za ta zama uzurin fashin wasan gida ba. Shi ya sa a watan Fabrairun 1958, da za su je Belgrade su kara da Red Star, ƙungiyar ta yi shatar jirgi, don ranar Asabar suna da wasa da Wolves.

An tashi 3 da 3 a Belgrade, United ta tsallake zuwa wasan kusa da na ƙarshe. Washegari, 6 ga Fabrairu, jirgin ya sauka a Munich ta Jamus shan mai. Dusar ƙanƙara na zuba. Sau biyu matuƙi na yunƙurin tashi yana fasawa. A na uku, narkakkiyar ƙanƙarar da ta kwanta a ƙarshen titin jirgin ta rage masa gudu, ya kasa ɗagawa, ya fasa shinge ya bugi wani gida. Mutum 44 ne a ciki, 23 suka rasa rayukansu. Akwai 'yan wasa 8: kyaftin Roger Byrne, Tommy Taylor, Eddie Colman, Mark Jones, David Pegg, Geoff Bent, Liam Whelan, sai Duncan Edwards da ya yi kwana 15 yana jinya kafin ya cika, yana ɗan shekara 21. Akwai ma'aikatan ƙungiya 3, da 'yan jarida 8, cikinsu har da Frank Swift, golan da suka ci kofin 1934 tare da Busby a City. Harry Gregg, wanda ya koma cikin tarkacen ya ciro mutane, ya ba da labarin cewa kafin yunƙurin ƙarshe ya ji Liam Whelan, yaron Dublin mai yawan ibada, yana cewa in ma ajali ne ya zo, shi a shirye yake.

An kai Busby asibitin Rechts der Isar da karyayyun haƙarƙari, huhu ya huje, ƙafa ta dagargaje. Sau biyu ana kiran Fada ya yi masa shafewar ƙarshe. Ga waɗanda ba su sani ba, a ɗariƙar Katolika wannan ibada ce da limamin majami'a ke shafa wa majinyaci man da aka yi wa addu'a, yana roƙa masa gafara, kuma a wancan zamani ba a yinta sai an ga alamun mutuwa. Sau biyu ke nan ana fid da rai da shi. Kwanansa bai ƙare ba.

Makonni aka yi ana ɓoye masa yawan waɗanda suka mutu. Da ya gane, sai ya riƙa kiran sunayen yaransa ɗaya bayan ɗaya, matarsa Jean na zaune a gefen gado, tana ba shi amsa da kai ba tare da ta buɗe baki ba. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa a kwanakin nan ya yi fatan mutuwa ta ɗauke shi. Kada mu yi gaggawar wuce wannan wuri. Mutum ne mai imani, amma imanin bai hana shi jin cewa laifinsa ne ba. Shi ya shiga gidajen iyayen nan ya ce su ba shi 'ya'yansu. Shi ya dage a kan Turai bayan an ce kada a je. Wanda bai ɗauki yaran amana ba, zai ce ƙaddara ce ya juya ya yi barci. Busby ya ce ya bar ƙwallo har abada. Jean ce ta lallashe shi, ta nuna masa cewa yaran da suka tafi ba za su so ya ajiye aikin ba.

A can gida kuwa, Jimmy Murphy ne ya ɗauki kayan. Abin da ya hana shi shiga jirgin shi ne yana Cardiff yana jagorantar Wales a wasan neman gurbin Kofin Duniya da Isra'ila. Kwana 13 bayan haɗarin ya fitar da ƙungiya suka doke Sheffield Wednesday 3 da nema, a ranar da aka buga takardar shirin wasa da gurabun sunayen 'yan United babu kowa a ciki. Ya lallaɓa da su har wasan ƙarshe na kofin FA, inda Bolton ta ci su 2 da nema, Busby na zaune a gefen fili yana dogara sanda bayan jinyar mako 9.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Shekara 10 ya ɗauka yana sake gini. Ya sayo Denis Law daga Torino a 1962, Best ya fito a 1963, ga Bobby Charlton da ya tsira daga jirgin. Kofin FA a 1963, lig a 1965 da 1967. Ranar 29 ga Mayu, 1968, a Wembley, United ta doke Benfica ta su Eusebio da ci 4 da 1 bayan ƙarin lokaci, ta zama ƙungiyar Ingila ta farko da ta ɗauki Kofin Turai. Mutum biyu da suka fito daga tarkacen Munich suna cikin fili a daren: Charlton, wanda ya ci biyu, da Bill Foulkes. A shekarar Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir, a 1972 kuma Fafaroma Paul na 6 ya ba shi lambar jarumtaka ta Waliyyi Gregory.

Akwai wani abu da ya fi kofin nan taɓa ni. A 1961 Busby ya je garin Dudley, mahaifar Duncan Edwards, ya buɗe tagogin gilashi masu hoton yaron a majami'ar St Francis. Majami'ar Angilikan ce, ba ta ɗariƙarsa ba.

To amma jama'a, tunawa da mamaci ba wanke shi ba ne, kuma in na tsaya nan na rage muku labari. 'Yan wasa biyu sun tsira da rai amma ba su sake buga ƙwallo ba: Johnny Berry da ya samu rauni a ka, da Jackie Blanchflower. A wancan lokaci doka ta ƙayyade albashin ɗan ƙwallo, bai wuce fam 20 a mako ba har aka soke ƙa'idar a 1961, don haka da yawansu a gidajen ƙungiya suke zaune da iyalansu. Da ta tabbata ba za su koma fili ba, sai aka buƙaci su tashi daga gidajen, a sa sababbin 'yan wasa. Wannan ya faru Busby yana manaja. Iyalan sun daɗe da wannan miki, kuma sai a 1998, shekara 40 bayan haɗarin, aka shirya wasan tara musu kuɗi. Shi ma Jimmy Murphy, bayan Busby ya sauka a 1969, sannu a hankali aka tura shi gefe. Ya mutu a 1989, mutum-mutuminsa bai tsaya a Old Trafford ba sai 2023. Ba na shakkar cewa Busby ya so yaran nan har zuciyarsa. Amma amanar da ya riƙe da kyau lokacin da yaro ke da ƙafar buga ƙwallo, ta yi rauni a ranar da ƙafar ta daina aiki, kuma wannan nakasu ne a tarihinsa.

Haka kuma bai iya sakin ragama ba. Ya sauka amma ofishinsa na nan, 'yan wasa na tsallake sabon koci su kai ƙara wurin tsoho. Wilf McGuinness da ya gaje shi bai kai labari ba, Busby ya dawo riƙon ƙwarya daga ƙarshen 1970 zuwa 1971, Frank O'Farrell da ya biyo baya ma bai daɗe ba, a 1974 United ta faɗa rukuni na biyu. Inuwar babban bishiya, ƙananan tsiro ba sa girma a ƙarƙashinta.

Tsufansa ya yi shi a natse. Yana da ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, 'yar ma wani ɗan wasan United ta aura, ga jikoki, ga wasan golf da yake so, ga majami'arsa a unguwar Chorlton. A 1980 aka naɗa shi shugaban girmamawa na ƙungiyar. Shekarun ƙarshen Jean cikin cutar mantuwa ta yi su, ta mutu a 1988, bayan aure na kusan shekara 58. Alex Ferguson, ɗan ƙasarsu da ya karɓi ƙungiyar a 1986, ya sha ba da labarin yadda ƙamshin lofen tsohon ke sanar da shi cewa yana ofis, ya leƙa su gaisa. Allah ya ja kwanansa har ya ga United ta ɗauki kofin Firimiya a 1993, bayan shekara 26 ana jira. Ya mutu ranar 20 ga Janairu, 1994, aka yi masa Misar jana'iza a Chorlton, aka binne shi kusa da matarsa a maƙabartar Southern Cemetery.

Kafin mu yi sallama, ina da magana da masu ƙananan ƙungiyoyi da makarantun ƙwallo na garuruwanmu, da dillalan da ke zuwa gida su ce za su kai yaro Turai. In za ka ɗauki ɗan mutane, ka je ka zauna da iyayensa ido da ido, ka gaya musu inda zai kwana da wanda zai ciyar da shi. Sannan ku rubuta a takarda, da shaidu, wa zai biya kuɗin asibiti in ya karye, da abin da za a yi masa in ya zama ba zai sake buga ƙwallo ba. Ku kuma iyaye, duk wanda ya zo da zancen biza da gwaji a waje amma ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, kada ku ba shi ɗanku, kada ku ba shi kuɗinku.

A nan za mu dakata. 

(Kiɗan rufe shiri)